Zare a Bakin Kilarinet

Tun da shugaban ƙungiyar makaɗa ya ce kowa ya bar harshen kara ya koma na roba, wai ya fi ƙarko, kilarinet ɗin Malam, abin busa irin na Turawa, ta daina jin maganarsa. Harshen nan ɗan siririn abu ne da ake ɗaurewa a bakin kilarinet, shi ke kaɗawa ya ba da sauti. Na kara idan ya jiƙe sai ya zauna daram. Na roba kuwa santsi gare shi, sai ya zame daga tsohon maɗaurin ƙarfe, a tsakiyar busa a ji ƙiii, kamar an taka wutsiyar kwikwiyo.

Ga wasan ƙarshen shekara ya matso, na ƙarshe kafin Malam ya yi ritaya. A cikinsa akwai wurin da kilarinet za ta busa ita kaɗai, kuma wurin nasa ne.

Ranar da ta sake yin kukan a ɗakin gwaji, Dogo, tsohon ɗalibinsa, ya sunkuyar da kai.

"Malam, ko dai leɓɓan ne suka gaji?" in ji shugaba.

"Ba leɓe ba ne, ranka ya daɗe. Maɗauri ne."

"To, a nemo wanda ya dace kafin gwajin ƙarshe."

Mai gyaran kayan kiɗa ya zazzage masa aljihun teburinsa kaf. Na ƙarfe suka yi ta zamewa. Na fata ya riƙe, amma sautin ya fito kamar mai magana cikin bargo. Malam ya koma wani na ƙarfe, ya yi ta murɗa ƙusarsa.

"A hankali, Malam, za ka tsaga bakin! Roba ba ta jin tsawa," in ji mai gyaran.

A gida ya tarar da matarsa kan keken ɗinki. Da ya ga ƙwaryar zarenta mai kauri, sai ya tuna malaminsa na dā bai taɓa sayen maɗauri ba, zare yake naɗawa. Ya yanko, ya goga masa kakin kyandir, ya naɗa layi kusa da layi, ba matsi ba sakaci. Ya busa. Sautin ya fito a cike, mai taushi, har ƙarshen waƙar.

Keken ya tsaya. "Yau kam mijina ya dawo," ta ce.

Ranar gwajin ƙarshe ya je da wuri, ya tarar da jakar Dogo a kan kujerar gaba, inda shi Malam yake zama. Ya miƙa wa shugaba kilarinet ɗin. "An samu, ranka ya daɗe. Ka saurara kawai."

Shugaba ya juya ta, ya taɓa zaren da yatsa. "Za a ɗauki wasan a bidiyo fa, Malam. Wannan ai kamar an ɗaure tsintsiya. Kuma Dogo ya riga ya gwada busa wurin naka jiya."

"Malam, wallahi ban nema ba," in ji Dogo.

"Na sani. Ja numfashi kafin layi na uku, can kake yankewa."

Malam ya zauna a layi na biyu, ya warware zaren a hankali, ya sa a aljihu, ya mayar da maɗaurin ƙarfe.

Ranar wasa ya yi busarsa ƙasa-ƙasa don kada harshen ya zame ya ɓata wa Dogo. Matar Malam na cikin 'yan kallo da sabon ɗinkinta, ta kasa kunne tana neman sautin da ta ji a ɗakinta. Har aka tashi ba ta ji shi ba.