Mai Amsa na Goma Sha Huɗu

"Har yanzu ba su amsa ba?" in ji matar mai gyaran rediyo, tana riƙe da labulen ƙofa.

"Yau za su zauna," Dakta ya ce mata. Makon jiya ma haka ya ce.

Shekara uku ke nan Dakta yana bincike a jami'a kan yadda ƙungiyoyin agaji ke tsallake naƙasassu wajen rabon kaya. Ya zaga sansani bakwai, ya kashe tayoyin mota huɗu, ashe hirar da ta fi kowacce tana bayan katangarsa. Maƙwabcin nasa, mai gyaran rediyon, wanda shan inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro, ya ba shi labarin shekarar ambaliya. A saman bene aka kafa teburin rabo, matakala ashirin da biyu. Yana ƙasa kan kekensa ya ji an kira sunansa har sau uku, sannan aka rubuta "bai zo ba".

Abu ɗaya ya roƙa, a sa sunansa a rahoton. Ƙa'idar bincike kuwa ta hana bayyana sunan wanda aka yi hira da shi. A takarda shi ne mai amsa na goma sha huɗu.

"Su sun ce ban zo ba, kai kuma ka mai da ni lamba," ya ce yana dariya. "Dakta, kai da su wa ya fi iya ɓatar da mutum?"

Dakta ya rubuta wa kwamitin jami'a yana neman izini. Kafin su zauna, ƙodar mutumin ta tashi. Kumburi ya fara daga fuska, rediyoyin jama'a suka yi ƙura a kan benci. Kullum da safe sai Dakta ya kasa kunne ta katanga. In ya ji tari, sannan shayi ya wuce masa.

Da azahar sakataren kwamiti ya kira. An amince, amma sai mai sunan ya dangwala yatsa a sabuwar takardar yarda. Dakta, wanda rabonsa da gudu tun yana saurayi, ya fito a guje da tumbinsa da takarda da kwalin tawada, ya bar ofis a buɗe.

Tun daga bakin layi ya hango takalma a ƙofar gidan maƙwabcin. Ya ƙirga su, kamar ƙirgar za ta rage su.

Matar ta ja shi ciki. An rufe mijin da farin zane har ka.

"Bai daɗe ba," ta ce. Ta dubi takardar, ta rage murya. "Hannun bai yi sanyi ba, Dakta. Dangwala masa. Shi ya roƙe ka da bakinsa. Wa zai sani?"

Shekara ashirin Dakta yana koya wa ɗalibai cewa yarda sai daga mai rai, mai hankali. Ya durƙusa, ya buɗe tawadar, ya zaro hannun daga ƙarƙashin zane. Babban yatsan duk tabon ƙunar dalma ne, ga ɗumi kamar mai barci. Ya daɗe riƙe da shi.

Sai ya mayar da hannun, ya gyara zanen.

A waje an shimfiɗa tabarmi. Ya zauna a ƙarshen layi, takardar a ninke cikin aljihu. Da aka ɗaga hannu za a yi addu'a, ya ga nasa yatsan ne ya yi shuɗi.