Kuɗin Jinginar Malachy

A rediyo na ji maganar, ina cikin wanke kwanuka. Wata mata ce take bayani, wai duk wanda kamfanin wuta ya karɓi kuɗin jingina a hannunsa, in ya yi shekara guda yana biyan kuɗin wuta a kan lokaci, haƙƙinsa ne a mayar masa da abinsa. Ban ƙarasa wankin ba. Na goge hannu a jikin siket, na ɗauki makullin mota, na nufi gidan yayata Dympna a Swinford, ina tuƙi ina yi wa mamaci faɗa a raina, Allah ya yafe mini.

Mamacin shi ne mijinta, Malachy Durkan. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Lokacin da suka koma wannan kamfanin, an ce masa ko dai ya yarda su riƙa cire kuɗinsu kai tsaye daga banki, ko ya ajiye jinginar Yuro ɗari uku. Ya ce ba a haifi wanda zai sa masa hannu a asusu yana barci ba. Ya ba da jinginar, ya ci gaba da biya a gidan waya. Sai dai yana da wata ɗabi'a: ba ya biyan kowa sai an aiko masa da takardar tuni. A ganinsa biya da wuri nuna tsoro ne. Shi ya sa shekarar nan ba ta taɓa cika masa ba, kuɗin suka yi ta zama a wurinsu har ya bar duniya.

Da ya rasu, Dympna ba ta sauya sunan da ke kan asusun wutar ba. Mata da yawa a nan haka suke yi, sai ka ga miji ya daɗe a maƙabartar coci amma har gobe shi ake aiko wa takardar kuɗin wuta. Ita kuwa ranar da takardar ta zo, ranar take biya. Na lissafa a hanya, an wuce shekara da nisa.

Na same ta a kicin sanye da kwat ɗinta na zuwa coci. Gidan sanyi ƙalau.

"Yaya, man ɗumama gidan ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba. Ina lallaɓa shi ne."

"Kina lallaɓa shi, shi yana lallaɓa ki zuwa asibiti. Kina da Yuro ɗari uku a hannun masu wuta, kina zaune kina rawar ɗari. Ina lambarsu?"

"Ki zauna ki sha shayi, Attracta. Tun da kika shigo kike zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai."

Ban zauna ba. Ba na iya zama in abu yana cina. Na ciro takardar daga bayan agogo, na buga lambar, na buɗe muryar wayar, na ajiye ta a kan tebur tsakanin butar shayi da burodi. Suka sa mana kiɗa. Na je taga na dawo. Na taɓa bututun ɗumama ɗaki, ko ɗumi babu. Na gyara labulen da ba abin da ya same shi. Dympna tana ta shafa man shanu a burodin da na san ba ci za ta yi ba.

Can sai wata mata ta ɗauka, ta ce sunanta Noeleen. Na zayyana mata komai ban ko ja numfashi ba.

"Na gani, ranki ya daɗe," in ji ta. "Fiye da shekara ke nan ba a makara da biya ba ko sau ɗaya, jinginar ta isa mayarwa. Amma da mai asusun kawai zan iya yin wannan magana. Mista Durkan yana kusa?"

Kafin in buɗe baki, Dympna ta sunkuyo kan wayar.

"Ya ɗan fita, 'yar nan."

Yadda ta faɗe shi, babu ko gargada, na gane ba yau ta fara ba. Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, ban san wanda zan fara ji da shi ba. Na dafe wayar da tafin hannu.

"Ya ɗan fita? Ina ya je, Yaya? Sayen jarida?"

"Ki rage murya."

"Ni na riƙe ki a bakin kabarin!"

"Na sani. Kowa ya sani. Fada na coci ya sani, banki sun sani, masu fansho sun sani, har likitan haƙori ya goge sunansa. Su kaɗai suka rage." Ta nuna wayar da wuƙar man shanu. "Su kaɗai ne har yanzu suke tambayata ko yana kusa."

Da mai hankali ce ni, da na kashe wayar. To amma ina ganin yatsunta sun yi fari don sanyi, ga hunturu bai ko yi rabi ba.

"Tambayarsu ba za ta cika miki tanki ba," na ce. "Ki faɗa mata, ko ni in faɗa."

 Noeleen tana ta "Kuna ji na?" daga ƙarƙashin hannuna. Sai Dympna ta ture hannun nawa, ta gyara wuyan kwat.

"'Yar nan, ba fita ya yi ba. Mijina ya rasu. Hunturun bara waccan."

Noeleen ta yi mata gaisuwa, kuma har ga Allah da gaske ta yi. Ta ce za a rufe asusunsa, a aiko da takardar shaidar rasuwa, jinginar ta dawo hannun matarsa. Na saki ajiyar zuciya, na jawo kujera a karo na farko.

"Sai mu buɗe sabo da sunanki," ta ci gaba. "Kin taɓa riƙe asusun wuta da sunanki?"

"Ban taɓa ba."

"To, a wurinmu ke sabuwa ce. Ko ki yarda mu riƙa cirewa daga banki, ko ki ajiye jingina."

Na miƙe zumbur. "Wace sabuwa? Wa kike tsammani yake biya duk wannan lokaci, fatalwa? Shi da yana raye bai taɓa biya a kan lokaci ba!"

"Na fahimta, ranki ya daɗe. Amma da sunansa aka biya, shi aka rubuta wa."

"To, banki," na ce wa Dympna. "Ki ce banki mana. Kuɗin su dawo, gobe a kawo mai."

Ta girgiza kai. "Ba a gidan nan ba."

"Yaya, don girman Allah!"

"Nawa ne jinginar, 'yar nan?"

"Ɗari uku."

"To, ki bar su inda suke, kada ki wahalar da kanki."

Noeleen ta ce hakan ma zai yiwu, in shekara ta cika ana biya a kan lokaci za a mayar mata. Ta nemi cikakken suna. Dympna ta faɗa mata a hankali, ta maimaita, sannan ta yi godiya ta kashe wayar.

Na fara cewa zan rubuta wa hukuma, zan kai ƙara, ai akwai inda ake kai irin wannan. Ta ɗaga mini hannu.

"Ya isa, Attracta. Kuɗin suna wurinsu kamar jiya. Shi kuma yanzu ya mutu har a wurin masu wuta."