Kajin da Suka Cinye Aikin Doguwa

A ɗakin gwajinmu ni ce mai baki. Shekara goma sha ɗaya ina renon ƙwayoyin halitta a kwalabe, kuma doka ɗaya nake haƙilo a kai: iri ɗaya ake buɗewa a akwatin aiki, a rufe, a goge, sannan a ɗauko wani. Wanda ya saɓa, ranar sai ya gwammace bai zo ba.

Nawa ƙwayoyin na hantar kaza ne. Muna ɗiga musu gubar da fumfuna ke bari a abincin kaji, mu ga yadda suke narka ta. Ba su da laulayi, hayayyafa suke kamar ciyawa. Na Doguwa kuwa, ɗalibar da ke ce min Yaya, 'yan gata ne. Shekara uku ta yi tana gyara su har suka fara fitar da furotin mai ƙara wa masu ciwon ƙoda jini. Digirinta kacokan a kansu yake.

Da za ta tafi haihuwa ta damƙa min su. "Yaya, ki daskarar min da kwalba ashirin. Ke kaɗai na yarda da hannunki."

Ranar da zan yi, saura minti ashirin motar ma'aikata ta tashi. Motar fa kawai! Na buɗe nata da nawa tare, na tsoma bututu ɗaya nan da can. Na gani sarai. Na ce ɗigo ɗaya me zai yi, na daskarar, na ruga.

Bayan wata huɗu ta dawo ta narkar da kwalbar farko. Ƙwayoyi suka cika fal, furotin ko ƙyas. Ta biyu haka, har ta ashirin. Da aka bincika, duka ƙwayoyin kajina ne, sun mamaye nata sun cinye.

A taro Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, ya wanke ta tas da faɗa, ya ce tun kafin ta tafi ta gurɓata su, kuma zai cire sunanta daga aikin. Ina zaune na bar ta da laifina. Wai kuma ni ya ce in sake koya mata tsabta tun daga farko. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari ta zo da sabon littafi, ido a kumbure.

"Yaya, nuna min inda na yi kuskure."

"Rufe littafin nan," na ce. Na faɗa mata komai, har da motar.

Ta daɗe tana kallon hannuna. "Kin samu motar?"

"Na samu."

Na je na faɗa wa Farfesa da bakina, aka mayar da sunanta. Ta koma gyaran ƙwayoyi daga tushe, da goyo a gida. Kullum da safe tana gaishe ni cikin ladabi: "Ina kwana, Malama."