Romon Hanoi a Bani Malik

Zinariya a unguwar Karantina ta Jidda aka haife ta, kuma shekara hamsin da biyu ke nan ba ta taɓa wuce Jidda da Makka ba. Iyayenta aikin Hajji ya kawo su, suka zauna, suka rasu ba su bar mata takardar kowace ƙasa ba. Ita ta goyi Wafa', 'yar gidan da take aiki, tun tana jaririya, da Wafa' ta auri Nawaf kuma ta biyo ta gidansu na unguwar Bani Malik, tana yi musu girki.

Da ma'auratan suka tafi hutu Hanoi, babban birnin Vietnam, kullum sai Wafa' ta kira ta a bidiyo. Ta nuna mata tafki a tsakiyar gari mai jar gada, da babura kamar ƙudan zuma, da wani ɗan shagon abincin halal inda suke zama kan guntayen kujeru suna shan romon naman sa da taliyar shinkafa.

"Dada, duba da kyau! In na dawo ke za ki dafa min."

Zinariya ta duba. Har mafarkin tafkin nan ta yi.

Ranar da Wafa' ta gayyaci ƙawayenta cin rana, tun asuba Zinariya ta ɗora ƙashi a wuta. Ta gasa albasa da citta, ta jefa kirfa da kanumfari, tana kwashe kumfa har ruwan ya yi garau. Baƙi suka sha, suka nemi ƙari. Daga kicin tana jiyo Wafa' tana ba su labarin gari, tana cewa matar shagon ce ta koya mata sirrin da hannunta.

Bayan an watse, Wafa' ta shigo ta jingina da firji, idonta na kan waya.

"Dada, Nawaf ya tsorata. An tsananta bincike a kan masu aiki ba iƙama, ba takardar zama. Mun nemi wata mai aiki ta ofis, 'yar Vietnam ce, shi ne kafilinta, da sunansa za ta zauna. Ƙarshen wata za ta iso."

Zinariya ta ajiye ludayi. "To ni fa, ya binti, 'yata?"

"Ki huta mana! Ba 'yar'uwarki Hikima tana unguwar Khumra ba? Wallahi za mu riƙa zuwa."

"Ɗakin Hikima mutum shida ne a ciki."

"Halas, ya isa, Dada, kar ki sa ni kuka."

Wafa' ta sumbaci kan Zinariya da sauri ta fita, Nawaf na kiranta daga falo.

Saura kwana goma sha ɗaya. Zinariya ta leƙa tukunya. Ɗan romo ya rage, taliyar ta kumbura ta yi laushi. Tun safe ba ta ɗanɗana komai ba sai gishirinsa. Ta juye a kwano ta sha a tsaye, ya huce, kitse ya daskare a sama yana manne mata a leɓe. Sai da ta shanye tas, sannan ta buɗe famfo a kan tulin kwanukan baƙi.