Kati Biyu, Uwa Biyu

Ƙasimu dai uwa biyu gare shi, kuma daga nan wahalarsa ta samo asali. Inna Batulu ta Fagam a ƙasar Gwaram ita ta haife shi. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun da ya buɗe ido bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta kuma taɓa kallonsa ido cikin ido ba. Kunyar ɗan fari ke nan. Ana yaye shi ƙanwar babansa, Goggo Ummussalma, ta goya shi zuwa Birnin Kudu, ta riƙe shi har ya yi gemu.

Aikinsa rakiyar masu Umra. Wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauke shi, yana jan jakunkunan tsofaffi, yana tura masu keken guragu, yana neman waɗanda suka ɓace a Harami. Albashin ba a magana, amma duk tafiya kamfanin jirgi na ba shi maki, idan makin ya taru sai a ba mutum tikiti kyauta. Jiragen da suke hawa kuwa na kamfanoni biyu ne masu ƙawance, ɗaya mai koren kati, ɗaya mai ja. Kowanne ka hau, kai ke da zaɓin katin da za a zuba maka makin.

Madam Sylvia, mai yankar musu tikiti a ofis, tun ranar farko ta ce masa, "Malam Ƙasimu, zaɓi ɗaya ka riƙe. Duk ka zuba a wuri guda."

Ina! Mutumin naka ya riga ya gama lissafinsa. Koren kati na Inna, jan kati na Goggo. Wannan tafiya a zuba wa wadda ta haife shi, ta gaba a zuba wa wadda ta raine shi. Haka yake yi da atamfar Sallah, haka yake yi da dabino da ruwan Zamzam, komai raba daidai, kada a ce ya fifita wata. Ya ma kai wa kowacce katinta ta ajiye, shi ya riƙe lambobin a waya.

"Wannan fa ba atamfa ba ce," in ji Sylvia.

"Madam, ba za ki gane ba. In na cika na ɗaya na bar ɗaya, da wane ido zan shiga gida?"

Ta kaɗa kai, ta zuba inda ya ce. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, kowane kati na rarrafe.

Sai idon Inna ya fara lalacewa. Da farko gefe-gefe ne ya dushe, tana tuntuɓe da turmi a tsakar gida tana cewa kaji ne suka gifta. Da aka kai ta asibiti a Birnin Kudu, likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ci ƙarfin jijiyar, abin da ya tafi ba ya dawowa, ragowar ma ba zai kai baɗi ba. Inna ba ta yi kuka ba. A mota, tana kallon taga, ta ce wa Goggo, ba shi ba, "Da dai na ga Ɗakin Allah kafin fitilar ta mutu."

Wallahi maganar nan ta soke shi. Washegari tun kafin a share ofis yana bakin ƙofa.

Sylvia ta buga lambar koren katin ta duba makin. Ya wuce rabi, bai kai na tikiti ba. Ta duba jan, shi ma haka.

"To a haɗa mana! A juye na Goggo cikin na Inna."

"Ba a juyewa, Malam Ƙasimu. Ƙawancen nasu a kan jirgi ne kawai, kowa da asusunsa. Da a wuri ɗaya ka zuba, da tun bara ta tafi, har da ragowa."

Tun bara! Lokacin da Inna ke iya zura zare a allura. Ƙasimu ya zauna a kan buhun kayan wani alhaji. Ya kira kamfanin kore, ya kira na ja, ya roƙa, ya yi rantsuwa, ya ba su labarin idon. Muryoyi masu ladabi suka ba shi haƙuri. Ya lissafa sayen tikitin da kuɗi, ko gonarsu ta Fagam aka sayar da kyar ta kai, kuma ita ke ciyar da ƙannensa. Daga nan ya koma zuba komai a koren, amma kujera ta yi tsada, masu Umra sun ragu, tafiya sai jefi-jefi. Makin na hawa kamar ana cika randa da cokali.

Ranar da ya gaya wa Goggo gaskiya, ta yi salati ta dafe ƙirji. "Kai Ƙasimu! Wa ya aike ka? Ni na ce maka ina gasa da uwarka?" Ta buɗe adaka ta ciro jan katin, ta ɗaure a bakin zane. Ya yi ta mata bayani cewa ba ya aiki haka, ko saurarensa ba ta yi ba. Ta sa shi gaba suka hau motar Gwaram.

Sun tarar da Inna a ƙofar ɗaki, an shimfiɗa mata tabarma, tana lalube tana ɓarar gyaɗa. Goggo ta danƙa mata katin a hannu ta ce, "Ga nawa, Yaya, ki haɗa da naki." Inna ta shafa shi, ta juya shi, ta ce Allah ya saka da alheri. Ba ta tambayi wane launi ne ba.

Ƙasimu ya durƙusa gefe kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa. Sai ya ji ta ce, "Yaron nan, matso."

Ya matso. Ta ɗago kai ta fuskance shi sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi. Idanun a buɗe suke tar, sun tsaya a kan kafaɗarsa.

"Kai da ka sha ganin Ɗakin Allah," ta ce, "faɗa mini yadda yake."

Ƙasimu ya ɗago kai ya dubi fuskarta. Inna ta gyara zama, tana jira.