Tankin da Hussaini Ya Yi wa Walda

Motar Yusha'u ba ta da laifi idan ana lallaɓa ta. Amma ka taka mata totur har ƙasa, sai ta zabura kamar abin kirki, ta yi tari, ta shaƙe, ta bar ka kana salati. A wata hanyar wannan abin haushi ne kawai. A hanyar Jibiya zuwa Katsina kuwa, inda 'yan bindiga ke fitowa daga daji da rana tsaka, motar da ba ta gudu makara ce.

Shi ya sa ranar Lahadi, ana cikin hada-hadar kasuwa, Yusha'u ya kawo ta garejin wansa Hussaini a Magama, dab da shingen kwastan. Zuwa na uku ke nan. An canza fulogi, an wanke kafireta, an sa sabuwar matatar mai, duk a banza.

"Yaya, motar ga tsoro take ba ni," in ji Yusha'u. "Jiya na zo wuce tirela, ta shaƙe mani a tsakiyar titi. In mutanen can ne suka fito hwa?"

"Rufe mani baki, Allah ya tsare," in ji Hussaini. "Yau sai na ga ƙarshenta."

Hussaini bakanike ne na gaske, kowa ya shaida, amma akwai shi da yarda da kai, ba a gaya masa. Ya ɗauko galan na mai ya ɗaure a rufin motar, ya jona tiyo kai tsaye zuwa kafireta, yadda aka saba gwaji. Suka hau titi ya taka. Kai! Mota ta miƙe kamar sabuwa, ko tari babu.

"Ka gani? Inji lafiya lau yake. Famfon mai ne ya gaji."

Ya canza famfo, ya mayar da tiyo inda yake, ya taka totur motar na tsaye, ta yi ruri har awakin bakin titi suka watse. Ya so ya sake hawa titi, amma fasinjojin Maraɗi sun ƙetaro, yaran tasha na ta kiran Yusha'u a waya kada layinsa ya wuce. Hussaini ya buga bonet ya ce, "Tafi, ta warke. Ni na ce maka." Yusha'u ya tsaya wurin 'yan bumburutu masu sayar da mai a bakin titi ya sha lita goma, iyakar abin da direbobi ke zubawa tun da mai ya yi tsada, ya ɗauki mutum takwas ya kama hanya.

Bayan azahar Bilki mai fura ta sauke ƙwaryarta a inuwar garejin. Nonon ya kusa ƙarewa, ƙwaryar kuma faffaɗa ce, sai da ta karkata ta nonon ya taru gefe guda kafin ludayi ya samu abin ɗiba. Hussaini na kallo, sai ya miƙe zumbur.

Tanki! Yusha'u ya sayi motar ne hannun wani mai fataucin mai zuwa Maraɗi. A zamanin da wannan harka ke ci, ana cire tankin mota a sa ƙato mai faɗi, wanda ke shan lita ɗari biyu, ba shingen tare mai ko ɗaya a cikinsa don kada a rage wuri. Wa ya fi Hussaini sani? Ai shi ya yi waldar rabinsu a garin nan. A cike motocin suke tafiya, ba wanda ya taɓa jin sun yi tari. Amma lita goma a cikin wannan fili, da an taka da ƙarfi sai man ya gudu baya, bakin tiyo ya zuƙi iska. Galan ɗin gwaji ya tsallake tankin, tsaye kuma mai ba ya motsi. Sau uku yana haƙilo cikin inji, bai taɓa durƙusawa ya leƙa ƙasa ba. Wannan wace irin wauta ce!

Ya zaro waya. Magana ɗaya ce zai faɗa: ka cika tanki kafin ka juyo. Ya kira, ba ta shiga ba. Ya sake, ya sake, har sau goma sha ɗaya.

Da la'asar Abdulfatah, direban da ke bin Yusha'u a layi, ya tsaya bakin garejin, gilashinsa na baya a tarwatse. Bai ko yi sallama ba.

"Malam Hussaini, sai haƙuri. A kwarin nan bayan Daddara suka fito, muna dawowa. Mu ukku muka taka, Yusha'u na gaba. Na ga motarsa ta zabura, sai ta shaƙe. Na kauce masa na wuce. Wallahi ban iya tsayawa."

Fasinjoji biyar aka shiga daji da su. Yusha'u kuwa a kan sitiyari aka same shi.

Kwana uku Hussaini na zaman makoki, ana cewa kwana ne ya ƙare, yana amsawa da baki. Ran na huɗu aka jawo motar gareji. Ya kwanta ƙarƙashinta, ya shafa tankin, ya ji layin waldarsa, mai kyau, ko ɗigo ba ya yi. A gefe ga ɗan alamar da ya saba ɗigawa don a san aikinsa ne.

Ya sayi mai jarka biyu ya juye mata a tanki, ya zauna kan kujerar da aka wanke ba ta gama bushewa ba, ya hau titi. Ya taka totur har ƙasa, yana roƙon Allah a ransa ta shaƙe, ko sau ɗaya, ya samu abin da zai ce ba shi ba ne.

Ba ta shaƙe ba. Ta wuce Daddara, ta wuce kwarin a guje, Hussaini na kuka kamar ƙaramin yaro, ƙafarsa a kan totur.