Cokalin Baba

Auta bai taɓa ƙera abu biyu sun rayu tare ba. Sai ya farke cikin na jiya yake haɗa na yau. Fankar da ke tashi da kanta in an shiga ɗaki ita ta haifi ƙararrawar tankin ruwa, ƙararrawar kuma ta mutu wajen haihuwar wata fitila. Yayarsa kan ce ɗakinsa mayanka ce. Bai taɓa musu ba, don kan teburinsa ba abin da za ka tarar sai guntayen waya da warin dalma.

Abu ɗaya ne ya tsira, cokalin Baba. Tun da hannun tsohon ya fara rawa, miya ba ta isa bakinsa sai rabi ya zube a riga, ga shi mutum ne da ya gwammace yunwa da a ba shi a baki. Auta ya ciro wata 'yar na'ura mai jin motsi, ba ta fi ƙwayar wake ba, daga karyayyen jirgin wasa da wani mai gyaran waya ya ba shi. Ya dasa ta a mariƙin cokali. Hannu na rawa, bakin cokali na tsaye cak. Ya zaga kasuwa neman irinta ko don ajiya, bai samu ba.

Gasar ƙirƙira ta kamfanoni kuwa ta ishe shi. Ya shiga ta banki, ya shiga ta masu sabulu, kullum sakamakon ɗaya ne: riga mai tambari, hoto da manya, sai “za mu neme ka”. Amma mai nema yana tare da samu, in ji masu faɗa da bakin da bai gaji ba. Da wani kamfanin dakon kaya ya ce yana neman dabarar da za ta hana kayan gilashi fashewa a hanya, Auta ya san amsar tana kwance a kwandon wanke-wanke.

Ya durƙusa ya ce, “Baba, aron cokalinka nake so.”

“Aro irin na fanka?”

“Ana tashi daga gasar zan mayar.”

Tsohon ya ce, “Ɗauki. Ai kai ka yi abinka.”

Ranar gasa, a wani zaure mai sanyi kamar cikin firji, Auta ya ɗora kofin ruwa a kan farantin da ya haɗa da na'urar da ya ciro daga cokalin, ya jijjiga teburin iya ƙarfinsa. Ko ɗigo bai zuba ba. Alƙali ɗaya ya ɗaga kai daga wayarsa ya ce madalla. Aka yi tafi, aka raba riguna.

Yana naɗe wayoyinsa sai jami'in gasar, wani mai katin shaida rataye a wuya, ya dafa farantin.

“Wannan nan zai zauna, malam. Injiniyoyinmu za su duba.”

“Ranka ya daɗe, akwai abin da zan cire a ciki. Na gida ne.”

“Kana iya ɗaukar kayanka. Amma wanda ya ɗauka ya janye ke nan. Kuma naka yana cikin waɗanda aka yaba.”

Auta ya tsaya riƙe da sukundireba. Noti huɗu ne tsakaninsa da na'urar. Sai dai bai taɓa jin an ce an yaba nasa a bayan idonsa ba, kuma ya gaji da zama Auta mai ɓata kaya. Ya mayar da sukundireban aljihu.

Daga nan aka shiga je-ka-ka-dawo. Yau injiniyoyi suna taro, gobe mai makullin sito ya yi tafiya. Daga baya aka ce an yi wa jami'in canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma bai san da wata gasa ba. Auta ya sa ƙafa har takalminsa ya san kowace matakalar ofishin.

Wata rana da azahar ya dawo hannu rabbana, ya tarar da Baba a tabarma, kwanon shinkafa a gabansa, Yaya na gefe riƙe da cokali ta rasa yadda za ta yi. Wuyan rigar tsohon ya yi masa yawa. Auta bai lura da haka ba sai yau, kunya ta rufe shi.

Baba ya ce, “Sun kira ka?”

“Sun ce a ƙara haƙuri.”

“To, Allah ya sa a dace.”

Auta ya karɓi cokalin daga hannun Yaya, ya matso. “Baba, bari in riƙe maka hannun kawai. Kai za ka ci da kanka.”

Tsohon ya dubi shinkafar, ya tura hannunsa mai rawa ƙarƙashin riga.

“Bar shi, Auta. Na ƙoshi.”